Karkuzu, Ibro da Chaplin: Wa Ya Mallaki Aikin Masu Ba Mu Dariya?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in sa baki a wata gardama da ba ta ƙarewa a majalisun Jos, musamman tun bayan rasuwar Malam Abdullahi Shu'aibu, wanda aka fi sani da Karkuzu, a watan Maris na 2025. Duk inda aka tayar da zancen 'yan wasan barkwanci, tambaya ɗaya ake yi, wato wa ya fi wani iya ba da dariya. Dattawa su ce ba a sake yin kamar Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero ba, waɗanda suka tashi a zamanin kaset su ce marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha gaban kowa, tsofaffin 'yan kallon silima su kawo Charlie Chaplin, yara kuma su ce Mista Bin. Gardamar tana da daɗi, amma ba ta da alƙali, domin abin da ya sa wani ya riƙe ciki don dariya yana iya wucewa ta gaban wani ko murmushi bai yi ba. Ni a ganina akwai tambayar da ta fi wannan muhimmanci, kuma tana da amsa: me ya sa mutanen da Allah ya yi wa baiwa iri ɗaya, suka kuma yi suna iri ɗaya a cikin al'ummominsu, suka ƙare rayuwa a halaye mabambanta ƙwarai? Idan aka jera tarihinsu aka duba da idon basira, za a ga cewa abin da ya fi raba su shi ne wanda ya mallaki aikin bayan an gama dariya an watse.

Zan fara da Turawa biyu, saboda an rubuta tarihinsu dalla-dalla har da kwantiragin da suka sa wa hannu, don haka ana iya ganin daidai inda hanyarsu ta rabu. An haifi Chaplin a Landan a 1889 cikin matsanancin talauci. Mahaifinsa mashayi ne kuma ya mutu tun Chaplin yana yaro, mahaifiyarsa ta yi fama da taɓin hankali, shi kuwa yana ɗan shekara 7 aka kai shi gidan da hukuma ke tara matalauta. Buster Keaton an haife shi a Amurka a 1895, iyayensa 'yan wasan dandamali ne masu yawo gari-gari, kuma tun bai isa shiga makaranta ba yake fitowa wasa tare da su. Su biyun sun yi tashe a zamanin fim marar magana, kuma har yau masana fim da dama suna ganin Keaton bai gaza Chaplin a fasaha ba, wasu ma suna fifita shi wajen sarrafa kyamara da wasan kasada da jiki.

Chaplin ya shiga fim a 1914 a matsayin ɗan albashi kamar kowa. A 1916 ya kai matsayin da wani kamfani ya ɗauke shi a kan dala 670,000 a shekara, kuɗin da a wancan zamani ba a saba jin an biya ɗan wasa irinsu ba. Amma hikimarsa ba ta tsaya a kan yawan albashi ba. Daga 1918 ya gina wurin ɗaukar fim nasa na kansa, ya kuma tsaya kai da fata cewa haƙƙin mallakar duk fim ɗin da ya yi ya zauna a hannunsa, sannan a 1919 ya haɗa kai da wasu manyan 'yan fim uku suka kafa kamfanin United Artists domin su riƙa rarraba fina-finansu da kansu. Keaton kuwa ya yi mafi kyawun ayyukansa a shekarun 1920 ƙarƙashin kamfanin da mijin yayar matarsa, Joseph Schenck, yake juyawa, kuma fina-finan ba nasa ba ne. A 1928 ya koma babban kamfanin MGM duk da cewa Chaplin da kansa ya gargaɗe shi, aka ƙwace masa ikon tsara labari da ba da umarni, ya faɗa shaye-shaye, aka sallame shi a 1933, dukiyarsa ta ƙare, daga baya ya dawo wannan kamfani yana ƙirƙira wa wasu 'yan wasa abin dariya a kan ɗan albashi. Shi da bakinsa ya riƙa cewa komawarsa MGM ita ce kuskure mafi girma a rayuwarsa.

A 1952 su biyun suka fito tare a wani fim, Chaplin a matsayin mai fim, Keaton a matsayin wanda aka ɗauko haya domin fitowa guda. A wannan shekarar ce kuma gwamnatin Amurka ta soke izinin komawar Chaplin ƙasar yana cikin jirgin ruwa a hanyarsa ta zuwa Ingila, bisa zargin yana da ra'ayin gurguzu. Wannan bugu ne da zai iya durƙusar da kowane ɗan wasa, amma shi ya tattara dukiyarsa da fina-finansa ya zauna a Suwizalan har ya mutu a 1977 yana da shekara 88, iyalansa kuma har yau su ke ba da izinin nuna ayyukansa, gidan da ya zauna ma an mayar da shi gidan tarihi a 2016. Keaton ya samu karramawa a ƙarshen rayuwarsa kafin ya mutu a 1966, amma wasu daga cikin fina-finansa sun tsira ne kawai saboda wani ɗan wasa mai suna James Mason, wanda ya sayi tsohon gidansa, ya tarar da su a jibge a wani ɗakin ajiya. Ba ina yabon halin Chaplin ba ne, domin rayuwarsa ta aure tana da abin suka mai yawa; abin da nake nunawa shi ne yadda riƙe haƙƙin aiki ya kare shi daga fushin gwamnati mafi ƙarfi a duniya, rashinsa kuma ya bar takwaransa a hannun sa'a.

Idan muka dawo gida, ya kamata mu tuna cewa sana'ar ban dariya ta daɗe a ƙasar Hausa kafin zuwan rediyo. Akwai wawan sarki, wanda fada ke ɗauke da cinsa da suturarsa da muhallinsa, kuma aka yarda ya faɗa wa sarki cikin raha abin da waziri ba zai iya faɗa ba. Akwai 'yan kama masu kwaikwayon karatun malamai suna juya shi zuwa zancen tuwo da nama, akwai 'yan gambara a kasuwanni da wuraren biki, ga kuma tashe a watan azumi. Dukkan waɗannan ana sallamarsu ne nan take, kuma hakan ya dace da zamaninsu, domin wasansu yana jikinsu. Idan ɗan kama ya tafi gida ya tafi da sana'arsa, babu wanda zai iya sayar da ita a bayan idonsa. Na'urar ɗaukar murya da hoto ce ta sauya wannan lissafi. Tun daga ranar da aka iya naɗe wasan mutum a kaset, wasan ya zama dukiya mai zaman kanta wadda za a iya nunawa sau dubu ba tare da mai ita yana wurin ba. Mu kuwa muka karɓi na'urar, amma muka ci gaba da sallamar ɗan wasa sau ɗaya kamar yadda ake sallamar maroƙi a gidan suna. Ina ganin nan ne tushen matsalar, kuma kusan duk abin da ya sami manyan 'yan wasanmu daga nan ya faro.

Dubi rukunin farko, wato na zamanin gidajen rediyo da talabijin na gwamnati. Alhaji Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, Banufe ne ɗan gidan sarauta da aka haifa a Pategi a 1942. Ya yi aikin soja, ya yi aiki a gidan rediyo na Kaduna, kuma daga abin da ya gani a bariki ya gina wasan da ya sa farar hula suka riƙa yi wa soja dariya a zamanin da soja ke mulki, da Hausar bariki mai gauraye da Turancin buroka wadda har yau ake kwaikwayo. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023. Ƙasimu Yero, Bazazzagi, ya yi suna da shirin Karambana, sannan 'yan Najeriya da ba sa jin Hausa suka san shi da sunan Uncle Gaga a cikin shirin Cockcrow at Dawn, wanda gidan talabijin na ƙasa, NTA, ya fara a 1980 aka kuma ɗauke shi a nan yankin Jos. Ya rasu a 2017. Shi kuwa Karkuzu namu ne, a nan garin ya yi tashensa a shekarun 1980, lokacin da gida ɗaya mai talabijin yake tara yaran layi gaba ɗaya a tsakar gida. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa ba Hausawa kaɗai ke kallonsa ba. Birom da Afizere da Anaguta da Ibo da Yarbawan Jos duk suna jin Hausa, duk kuma sun yi dariyar Karkuzu, kuma duk wanda ya san rikice-rikicen da garin nan ya shiga tun daga 2001 ya san darajar mutumin da ya taɓa zaunar da mu gaban akwati ɗaya.

Yaya wannan bawan Allah ya ƙare? Ya tsufa, ya rasa ganinsa, yana zaune a gidan haya, har ta kai ya fito yana neman taimakon jama'a, sai ɗan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa, wanda shi ma ɗan Jos ne, ya saya masa gida. Allah ya saka wa Ahmed Musa da alheri, ya yi abin da ɗa nagari yake yi wa uba. Amma ya kamata mu ji nauyin wannan labari a matsayinmu na al'umma, domin mutumin da ya yi shekaru yana tara wa gidan talabijin masu kallo bai kamata muhallinsa ya dogara da tausayin mutum ɗaya ba. Tsarin da aka yi aiki da shi a wancan zamani shi ne shirin na gidan da ya ɗauka ne, ɗan wasa kuma ko dai ma'aikaci ne mai albashi, ko kuma a ba shi alawus na fitowa, shi ke nan. Wanda ya dace yana da takardar ɗaukar aiki ta gwamnati ya tsira da fansho komai ƙanƙantarsa, wanda bai da ita kuwa ya tashi da suna kawai.

Rabilu Musa Ibro ya zo a wani zamani daban, kuma labarinsa ya fi buƙatar a tsaya a kansa, domin shi ne wanda aka fi kwatantawa da Chaplin. An haife shi a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa a jihar Kano a 1971, ya yi aikin gidan yari na wasu shekaru kafin ya ajiye kaki ya rungumi fim. Kamanninsa da Chaplin a fili suke. Dukansu sun fito daga cikin talakawa, dukansu sun ƙirƙiri mutum ɗaya wanda mai kallo ke ganewa tun kafin ya buɗe baki, kuma mutumin nan a kullum ƙaramin mutum ne da ke kokawa da waɗanda suka fi shi ƙarfi, wani lokaci da wayo, wani lokaci da wauta. Ibro ya fito a ɗan sanda, ya fito a direba, ya fito a boka, ya fito a baƙauyen da ya shigo birni, amma a kowane hali Ibro ne, har ta kai sunansa kawai ake maƙalawa a gaban sunan fim kaset ya ƙare a kasuwa. 'Yan fim ɗin soyayya sun daɗe suna yi wa irin fina-finansa kallon raini, suna kiransu camama, alhali su ne ke shiga ƙauyukan da fim ɗin rawa da waƙa bai cika shiga ba, kuma ta bayansa 'yan wasa irin su Ciroki da Bosho da Daushe suka samu kasuwa mai faɗi. Bambancinsa da Chaplin a fasaha shi ne Chaplin da jiki yake magana, don haka Bajapane da Balarabe duk suna fahimtarsa, shi kuwa Ibro rabin ƙarfinsa a harshe yake, a karin magana da baƙar magana da kwaikwayon karin harshen mutane. Wasu na cewa wannan ne ya taƙaita arzikinsa, ni kuwa ban yarda ba, domin masu jin Hausa miliyoyi ne daga Najeriya zuwa Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan har Saudiyya, kuma kaset ɗinsa ya kai duk wuraren nan.

Abin da ya taƙaita shi, da shi da sa'o'insa, shi ne yadda kasuwar take. Furodusa ya nemo kuɗi, a ɗauki fim cikin 'yan kwanaki, a biya ɗan wasa kuɗin aikinsa a lokeshan, sannan a kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ko Bata a Kano su buga su rarraba. Kafin kwalin asali ya ƙare, masu satar fasaha sun cika kasuwa da nasu. Da zamanin faifan CD ya wuce sai masu tura fim a waya suka gaje su, suna zuba wa mutum fina-finai da dama a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, yau kuma guntayen wasannin Ibro sun cika YouTube da Facebook da TikTok a shafukan mutanen da ba su taɓa zuwa lokeshan ba, wasunsu suna karɓar kuɗin talla a kai. Ibro ya samu kuɗi a lokacin da yake da lafiya, domin yana cikin waɗanda aka fi nema, amma samunsa a ɗaure yake da fitowarsa gaban kyamara, shi ya sa ya riƙa fita daga wannan fim yana shiga wancan ba hutu. Ciwon ƙoda ya ɗauke shi a watan Disamba na 2014 bai kai shekara 45 ba. Ka kwatanta wannan da Rowan Atkinson na Ingila, wanda ainihin shirinsa na Mista Bin kashi 15 ne kacal da aka nuna tsakanin 1990 da 1995, amma saboda akwai takarda da doka a bayansa, ana ta sayar da izinin nuna shi a ƙasashe, aka yi masa fina-finai da zanen yara, yana kawo kuɗi har yau. Kashi 15 a can sun zama jari, a nan kuwa fina-finan da ba su ƙirguwa sun zama kayan kowa.

Akwai kuma darasi a yadda kowannensu ya haɗu da hukuma. A 2008 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta ɗaure Ibro wata 2 bisa tuhumar saɓa wa dokokin hukumar tace fina-finai ta jihar, ya shiga gidan yari a matsayin fursuna bayan ya taɓa zama ma'aikacinsa. Chaplin da aka rufe wa ƙofar ƙasa ya ci gaba da cin moriyar tsofaffin ayyukansa yana zaune a gida, amma ɗan wasan da abincinsa ke zuwa daga aikin yau, kowace rana da ya yi a tsare rana ce da iyalinsa ba su samu komai ba. Wanda ke cikin wannan hali dole ya riƙa auna bakinsa, kuma al'ummar da masu barkwancinta ke tsoron yunwa ta yi asarar abin da wawan sarki yake yi wa fada.

Kada a ɗauka cewa mallaka kaɗai ta wadatar, domin akwai misali daga Kudu da ke nuna akasin haka. Moses Olaiya, wanda aka sani da Baba Sala, shi ne uban barkwancin zamani a ƙasar Yarbawa, kuma ya yi irin tunanin Chaplin: ya ci bashi ya shirya babban fim nasa na kansa a 1982 domin ya riƙa nunawa a silima. Aka sace fim ɗin aka buga shi a kaset ya bazu, bashi ya hau kansa, ya yi asarar kadarori, kuma bai sake komawa matsayinsa na da ba har ya mutu a 2018. Ya mallaki aikinsa, amma babu hukumar da ta tsare masa shi. John Okafor kuwa, wato Mista Ibu, wanda ya fito a fina-finai masu yawan gaske, sai da aka nemi taimakon jama'a domin jinyarsa kafin ya mutu a watan Maris na 2024. Ashe ciwon bai tsaya a Arewa ba, kuma maganinsa abu biyu ne a haɗe, takarda a hannun ɗan wasa da hukuma mai hukunta ɓarawo.

Na san abin da wasu masu karatu za su ce. Za su ce arziki nufin Allah ne, kuma 'yan wasa da yawa sun samu sun ɓarnatar. Babu Musulmin da ke musun cewa Allah ne mai azurtawa, kuma gaskiya ne cewa akwai waɗanda ba su yi tanadi ba, kamar yadda ake samu a cikin 'yan kasuwa da ma'aikata. Amma imani da ƙaddara bai taɓa halatta cin haƙƙin wani ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, mu kuwa muna ƙulla cinikin miliyoyin naira a masana'antar fim da baki kawai, wanda ya nemi a rubuta a ce ba ya da yarda. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi kariya ga ayyukan fim har shekara 50 daga lokacin da aka fitar da su, ta kuma amince da haƙƙin wanda ya yi wasan. Ma'anar wannan ita ce shirye-shiryen shekarun 1980 ba su fita daga kariya ba tukuna, balle fina-finan Ibro. Duk rabon da ya kamata ya shiga hannun mamaci daga aikinsa gado ne, a cikin magadan kuma akwai marayu da zawarawa, kuma kowa ya san abin da addini ya ce game da dukiyar maraya. Ina fata malamanmu masu wa'azi a kan 'yan fim za su riƙa haɗawa da wannan ɓangaren.

Akwai laifin da ke kanmu mu masu kallo. Muna son ɗan barkwanci a akwati, amma ba mu cika ganin girmansa a zaure ba. Muna kiransa da sunan wasa ko da ya yi jika, muna tsammanin ya ba mu dariya ko a wurin ta'aziyya muka haɗu da shi, idan ya zo neman aure kuma a fara tambaya ko yana da wata sana'ar. Mutumin da aka saba ɗaukarsa ba a bakin komai ba yana jin nauyin ya zauna gaban Alhaji mai kuɗin fim ya ce sai an rubuta masa kaso. A Kudu, Ali Baba ya yi shekaru yana fafutukar mayar da barkwancin tsayuwa a dandamali sana'ar da kamfanoni ke biya da daraja, kuma waɗanda suka biyo bayansa sun ci gajiyar hakan. Mu ma muna buƙatar wanda zai karya wannan kunya.

Matasan da ke yin gajerun bidiyon barkwanci da waya a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos suna da damar da Karkuzu bai samu ba, domin a karon farko ɗan wasa yana iya zama shi ne mai kyamara, shi ne mai gidan nunawa, shi ne kuma mai karɓar kuɗin talla. Amma tarkon Keaton yana nan a sabuwar siffa. Yaro mai baiwa yakan bari wani mai kuɗi ko wanda ya fi shi sanin intanet ya buɗe shafin da sunansa da lambar asusunsa, shi kuma a riƙa ba shi na kati da na mai, sai ranar da suka ɓata ya gane cewa mabiyan da ya tara da fuskarsa ba nasa ba ne. Ina kira ga iyayensu da yayyensu da su tambaye su da sunan wa aka buɗe shafin, kuma ina kira ga ƙungiyoyin 'yan fim irin su MOPPAN da su fitar da takardar yarjejeniya mai sauƙi cikin Hausa wadda ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai karanta ya gane, su kuma shigar da mambobinsu tsarin inshorar lafiya a ƙungiyance, domin jinya ita ce ta fi tona asirin tsofaffin 'yan wasa.

Buƙatata ta ƙarshe gare ka take, Malam Edita, kuma ta shafi garin nan kai tsaye. A Jos hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979, a nan makarantar koyon fim ta ƙasa take, a nan ma'ajiyar fina-finai da sauti ta ƙasa take, ga kuma kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield. Babu garin da ya fi Jos cancantar ya tattara ayyukan waɗannan mutane. Kaset yana lalacewa da zafi da danshi, kuma a da gidajen talabijin a duniya, har da BBC, sun saba goge tsohon shiri su naɗi sabo a kansa don tsimin kuɗi, saboda haka kowace shekara da ta wuce tana iya tafiya da wani abu da ba za a sake samu ba. Ina roƙon ka tura wakilinka gidajen talabijin na Jos da Kaduna da Kano da Sakkwato ya tambaya a rubuce kashi nawa na shirye-shiryen Karkuzu da Samanja da Karambana da Golobo suka rage, a wane hali suke, kuma wa ke da ikon ba da izinin mayar da su na'urar zamani. Idan an same su, a kwafe su a ajiye a ma'ajiyar ƙasa, a sa su a shafi na hukuma inda jama'a za su kalla, a kuma rubuta tun farko kason da zai riƙa zuwa ga iyalan waɗanda suka yi wasan. Haka nan ya kamata furodusoshin da ke riƙe da ainihin fina-finan Ibro su zauna da magadansa da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, a kai ƙorafi a sauke shafukan da ke cin kuɗi da fuskarsa ba da izini ba, a mayar da ayyukan wuri guda da aka san mai shi. Idan wakilin naka ya samo amsa, a buga ta a wannan shafi da sunan kowane gidan talabijin da adadin abin da ya ce yana da shi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Unguwar Rogo, Jos, Jihar Filato.